Ranar da Majalisar Barade Ta Tashi

A shekarar da ta biyo bayan ba Jalingo hedikwatar jiha, kusan komai na garin ya motsa. Ma'aikata suka riƙa kwararowa daga Yola da katifu ɗaure a kan motoci. Ɗakunan da a da awaki ke kwana ciki aka share su, aka shafa musu farar ƙasa, aka zuba 'yan haya. Katafila kuma ta shiga unguwanni tana faɗaɗa hanya, ba ta tambayar kowa.

A Barade akwai wata majalisa da ke zama ƙarƙashin wata tsohuwar ceɗiya. Babbansu shi ne Bappa Yuguda, tsohon dillalin shanu, wanda kan benci na dama nasa ne ko yana nan ko ba ya nan. Sai Baba Manasseh, tsohon soja, da kunnensa na hagu ya daina aiki tun zamanin yaƙi. Sai Sada tela, mai shago a bakin hanya, wanda keken ɗinkinsa ya fi shi zama a shagon. Sai Maishanu, mutumin da bai taɓa mallakar ko akuya ba, suna ne kawai ya bi shi. Ƙaraminsu shi ne Elijah, malamin fiziks a wata sakandare, wanda suke kira Tica. Shi sai an tashi makaranta yake zuwa, ya jingine kekensa ya zauna a ƙarshen benci.

Ana tsakiyar bazara katafila ta iso kan ceɗiyar. Kafin azahar ta kwantar da ita, kafin magariba matan unguwa sun kwashe rassan.

Washegari da hantsi Bappa Yuguda ya fito da sandarsa da 'yar rediyonsa. Ya tarar Sada da Maishanu sun kakkaɓe benci sun mayar da shi gurbinsa, a gefen ramin da saiwar ceɗiyar ta bari. Ya yi sallama ya zauna a kan dama. Can Baba Manasseh ya ɗingiso ya zauna a wurinsa. Aka kunna rediyo.

Da rana ta take, Bappa Yuguda ya share goshi da hannun riga.

"Yau kamar da ɗan zafi," in ji shi.

"Bazara ce, Bappa," in ji Sada.

Haka Elijah ya dawo daga makaranta ya same su. Baba Manasseh ya kifa kwalin sabulu a ka. Sada ya lulluɓa da yadin wata mata da ta kawo ɗinki. Maishanu ya jiƙa hularsa ya mayar, ruwa na ɗiga ta bayan kunnensa. Bappa Yuguda kuwa yana zaune a miƙe, fuska na ƙyalli kamar an shafa mata man shanu.

Abin da ya fi ɗaure wa Elijah kai shi ne, daga inda suke zaune ana hango wani mangwaro a ƙofar gidan da yake haya. Jifa ɗaya ne tsakaninsu da shi. Inuwarsa baƙa ƙirin, awakin unguwa na kwance a ciki suna lumshe ido.

"Bappa," in ji Elijah, "me zai hana mu ja bencin nan zuwa can?"

Bappa Yuguda ya dubi mangwaron, ya dubi Elijah.

"Nan ne majalisa."

"Amma itacen babu shi."

"Itace ne ya tashi, Tica. Mu ba mu tashi ba."

Elijah ya yi dariya, yana zaton wasa ne na kwana ɗaya. Mako ya wuce suna nan. Aka zuba wa hanyar kwalta, zafi ya riƙa bugo su ta sama da ta ƙasa, tifofi na watsa musu ƙura, suna nan.

Sai ya yanke shawarar bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya sami Sada a shago.

"Wallahi, Tica, ni na gaji," in ji Sada. "Dubi wuyana. Amma ina ni ina tashi in bar Bappa a rana? In shi ya tashi, ni ne na farko a bayansa."

Maishanu ya ce shi tun ranar farko yake mafarkin mangwaron nan, sai dai ba ya so a ce shi ne rago. Baba Manasseh ya ce, "Soja ba ya barin fos ɗinsa sai an ba shi oda. A ba ni oda, in tafi." Da Elijah ya je gidan Bappa Yuguda, tsohon ya ja shi zaure, ya rage murya.

"Tica, kaina har juyawa yake. Amma yaran nan sun saba da wurin. In na ce a tashi, za su ce tsufa ya kama ni. Su fara faɗa, ni kuwa in yarda."

Elijah ya koma gida yana tsalle a kan keke. Ya gaya wa matarsa Keziah cewa an gama, kowa na son tashi.

"In kowa na so, me ya zaunar da su?" in ji Keziah.

"Gobe za ki gani."

Washegari ya tsaya a gaban benci ya ce, "To, jama'a, na ji ta bakin kowa. Wa ke ganin mu koma inuwa?"

Sada ya dubi Bappa. Bappa ya dubi rediyo. Maishanu ya duƙa yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Baba Manasseh ya juyo masa da kunnen hagu.

"An ce za a yi ruwa da wuri bana," in ji Maishanu.

"Allah ya sa," in ji sauran, aka shiga hirar damina.

Daga nan Elijah ya koma dabara. Kullum da safe kafin ya wuce makaranta sai ya tsaya ya tura bencin kamar taƙi ɗaya zuwa wajen mangwaro. A lissafinsa, in aka yi haka a hankali, wata rana za su ɗaga kai su ga ganye. Kwanakin farko ba wanda ya ce komai. Amma ran da bencin ya yi nisa har ya bar bakin ramin, sai Bappa Yuguda ya zo da tabarma ya shimfiɗa a ainihin wurinsa ya zauna. Sauran suka zauna kewaye da shi, bencin yana can shi kaɗai. Da yamma Sada da Maishanu suka ɗauko shi suka mayar.

"Girgizar tifofi ce ke tafiya da shi," in ji Sada. Suka samo manyan duwatsu suka tokare ƙafafunsa.

Ran nan ne haƙurin Elijah ya ƙare, malamin da ke cikinsa ya fito. Ya karɓi kofin ruwan Maishanu, ya ɗora masa wani ɗan kati a baki, ya ari goron Bappa Yuguda ya aza a kan katin. Ya ɗalle katin da yatsa. Kati ya tashi, goro ya faɗa cikin ruwa, tsulum.

"Ka jiƙa mini goro," in ji Bappa.

"Bappa, ka duba. An cire abin da yake kai, amma goron bai bi shi ba. Haka duniya take. Abin da ke zaune ba ya motsi sai wani ƙarfi daga waje ya tura shi. Abin da ke tafiya kuma ba ya tsayawa sai an tare shi. Gwargwadon nauyin abu, gwargwadon taurin kansa. Ku ɗaya ɗaya ba ku da nauyi, amma in kun haɗu kun fi tifa. Wannan abin da ya riƙe ku a nan, a boko sunansa inashiya."

"Inna wa?" in ji Baba Manasseh, yana juyo da kunnen dama.

"Inna Asiya, ya ce," in ji Maishanu.

"Mai masa?"

"A'a, Baba, ba mutum ba ne, wata doka ce ta..." Daidai nan wata tifa ta wuce da ƙara da hayaƙi, ta haɗiye sauran maganar. Da ƙura ta lafa, Elijah ya ga dukansu suna gyaɗa kai. Ya ji daɗi. Tun da ya fara koyarwa bai taɓa samun ajin da ya fahimci darasin nan da sauri haka ba.

Inna Asiya kuwa mutum ce, kowa a Barade ya san ta. Dattijuwa ce 'yar asalin Iware, mai jiki da murya, tana toya masa a kan kwanar masallaci tun kafin a haifi rabin unguwar. Masarta ce 'yan majalisa ke karya kumallo da ita kullum.

Da magariba Furera, matar Bappa Yuguda, ta ga wuyan mijinta yana saɓa kamar na ƙadangare.

"Malam, wai me ya zaunar da ku a ranar nan? Mutane har dariya suke."

"Ba yin kanmu ba ne," in ji Bappa, yana jin sauƙin samun amsa. "Tica ya bincika. Ya ce Inna Asiya ce ta riƙe mu. Har ya gwada da goro a gabanmu."

Furera ta dafe ƙirji. Da safe ta gaya wa Binta matar Sada a bakin famfo, Binta ta gaya wa masu jiran layi. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, Barade duka ta san cewa Inna Asiya na zuba wani abu a ƙullu, wanda ya ci sai ya manne a inda ya zauna, kuma boko ta tabbatar. Iyaye suka hana 'ya'yansu saya, don kada su manne a hanyar makaranta. Masa ta riƙa hucewa a tire, ƙullu ya riƙa kwana yana tsami.

Sai da wata maƙwabciya ta tausaya mata ta gaya mata dalili.

Ranar Asabar ce, da hantsi, babu makaranta, majalisa ta cika har da Elijah. Maishanu ne ya fara hango ta. Tana tafe ta tsakiyar sabuwar kwalta, ta ci ɗamara da mayafi, bokitin ƙullu mai tsami a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan.

"Wannan tafiyar ba ta talla ba ce," in ji Maishanu.

Ta dire bokiti a gabansu.

"Wa na riƙe a cikinku?"

Kowa ya kau da kai gefe.

"Na ce wa na riƙe? Yuguda, kai na riƙe? Me zan yi da kai? Manasseh, kai da ba ka ji?"

"Inna, jam," in ji Bappa Yuguda, yana ɗaga hannu. "A zauna lafiya. Mu ma Tica ne ya..."

"Ina Tican?"

Elijah ya miƙe yana murmushin neman sulhu. "Mama, kuskure aka yi. Ni inashiya na ce, ba..."

"Kun ji! A gabana ma yana faɗa!"

Ta kamfato ƙullu ta fara jifa, ludayin farko ya same shi a ƙirji. Na biyu ya tafi da hular Maishanu. Na uku ya sauka kan rediyon Bappa, mai karanta labarai ya yi shiru. Nan fa Barade ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, Bappa Yuguda ya tattare riga ya zura da gudu. Sada da Maishanu suka fizge benci daga cikin duwatsun suka kare kansu da shi, da suka ga Bappa ya yi gaba sai suka saɓa shi a kafaɗa suka bi. Baba Manasseh ya ɗauki gudun a matsayin oda, ya rufa musu baya.

Mangwaro suka nufa. Har awaki sun fara tashi suna ba su wuri, sai muryar Inna Asiya ta biyo su.

"Ai gidan nasa ma zan shiga!"

Suka wuce mangwaro ba su ko rage sauri ba.

Inna Asiya ba ta yi nisa ba, gwiwoyinta suka ƙi. Da ta iso inuwar mangwaron sai ta zauna a kan turmin Keziah tana haki. Keziah ta fito ta dubi ƙullu a kan hanya, ta dubi bayan mijinta yana shan kwana, ta koma ta kawo wa tsohuwa ruwan randa.

Su kuwa ba wanda ya waiwaya. Gudu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya mai sauri, amma ba a tsaya ba. Bappa Yuguda yana gaba. Ba zai waiwaya ba, don kada a ce babba ya tsorata, kuma yana jin takun ƙafa a bayansa, yana zaton tura shi ake yi. Sada da Maishanu suna ganin tunda Bappa bai tsaya ba, ya san inda ya nufa. Baba Manasseh kuwa ƙafafunsa sun tuna bariki, har ciwon gwiwa ya manta, yana tafe yana cewa "lef, rait" a ƙasan maƙoshi.

Wani mai shayi ya ga dattawa ɗauke da benci, ya ɗaga murya. "Baba, lafiya? Ina zuwa?"

"Gaba!" in ji Maishanu, don numfashinsa bai kai ya ƙara wata kalma ba.

Mai shayin ya yi tunani. Dattawa ba sa ɗaukar benci sai in layi za su bi, layin da ke bukatar benci kuwa dogo ne, dogon layi a bakin damina ba ya wuce rabon taki. Ya rufe tukunyarsa, ya zari buhu ya bi su. Masu shan shayin suka bi shi. Wani ya ce ba taki ba ne, masinjoji ake ɗauka a sababbin ma'aikatu, sai matasa suka shiga gida suka sako rigunan kirki suka fito. Mata suka biyo da kwanduna. Wasu manoma da suka shigo gari daga Iware sayen gishiri suka ga buhuna, suka bi ba tare da tambaya ba. Lokacin da aka shiga Kachalla Sembe, hanya ta cika daga wannan kwata zuwa waccan, masu motoci suna kaucewa gefe.

Elijah ne kaɗai ya waiwaya. Ya ga babu Inna Asiya, babu ludayi, sai fuskokin da bai sani ba. Ya ruga ya sha gaban jama'a, ya buɗe hannuwa, ƙullu na bushewa a rigarsa.

"Ku tsaya! Ba ta biyo mu ba! Babu abin da ake rabawa!"

"Kun ji ɗan boko," in ji wani mai buhu. "So yake mu koma ya kwashe shi kaɗai."

Suka rabu biyu suka zagaye shi suka haɗe a bayansa. Ya sake rugawa har ya jera da Bappa Yuguda. Tsohon yana tafe yana kallon gaba, gumi ya jiƙa gemunsa. Bai juyo ba, ta gefen baki ya yi magana.

"Tica, ina za mu?"

"Bappa, ai kai ne a gaba!"

"Ni tura ni ake yi."

"Ba mai tura ka. Ka tsaya kawai."

"Ka ji ƙafafun da ke bayana kuwa? In na tsaya take ni za su yi. Kai da ka iya goro, yi wani abu mana."

Elijah ya koma wajen Sada. Sada ya ce kafaɗarsa ta mutu, amma ba zai sauke benci ba sai Maishanu ya sauke, in ba haka ba zai faɗo wa Maishanu a ƙafa. Maishanu ya faɗi irin wannan game da Sada. Baba Manasseh ya ce shi ba a ba shi odar tsayawa ba. Elijah ya ce, "To, na ba ka oda!" Baba Manasseh ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai farar hula ne."

Gidaje suka fara raguwa. Kwalta ta ƙare, aka shiga turba tsakanin gonakin da ba a share ba tukuna. Elijah ya daina magana, yana tafe yana lissafin cewa in ba wani abu ya faru ba, la'asar a Iware za ta same su.

Sai ga garken shanu kwance a kan turbar, ƙarƙashin wasu ɗorawa, suna tuƙa. Makiyayinsu, wani dattijo, yana zaune a gindin itace yana saƙa igiya. A tsakiyar hanya wani farin bijimi ne kwance, ƙato, tozonsa ya karkata gefe don ƙiba. Ya ɗaga kai ya dubi taron da ke tahowa, ya ci gaba da tuƙa.

Bappa Yuguda ya yi shekaru a kasuwar shanu, kuma tun yana saurayi bai taɓa wuce bijimi irin wannan bai taɓa tozonsa ba. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu.

"Kai, kai, kai," in ji shi. "Wannan na wane ne?"

Kan benci ya bugi bayansa, ya faɗa ya rungume bijimin. Baba Manasseh ya bugi benci. Mai shayi ya bugi Baba Manasseh. Haka bugun ya riƙa komawa baya, mutum kan mutum, kwando kan buhu, har can ƙarshen taro inda wata mata ta faɗi zaune ba ta san dalili ba. Bijimin dai ko kunne bai kaɗa ba.

Makiyayin ya ajiye igiyarsa ya miƙe a hankali, yana duban ko ta ina zai gudu.

"To, an iso," in ji mai shayi. "Ina takin?"

Kowa ya dubi Bappa Yuguda, shi kuwa yana can yana duba haƙoran bijimi. Aka dubi Sada, Sada ya dubi Maishanu. Maishanu ya duba hagu ya duba dama. Garken ya kwana biyu a wurin, ƙasa duk ta shaida. Ya nuna da baki.

"Ga shi nan."

Wasu suka yi zagi, wasu suka fashe da dariya har suna riƙe ciki. Masu neman aikin masinja suka kakkaɓe rigunansu suka juya. Manoman Iware kuwa suka duƙa suka murza a hannu, suka ce wannan ai ya fi na buhu, suka nemi izinin makiyayi. Da ya gane ba shanunsa aka zo ɗauka ba, ya ce su kwashe har da na gobe. Ganin haka sauran masu buhu suka ce ba za su koma hannu wofi ba. Aka yi ta cika buhuna, har da 'yar rigima a kan wani tuli.

Sada da Maishanu suka sauke benci a gindin ɗorawa, suka zube a kai. Baba Manasseh ya zauna yana murza gwiwa. Bappa Yuguda ya gama hira da makiyayin da Fulatanci, ya zo ya zauna a kan dama. Iska ta kaɗo, ganye ya motsa.

"Nan da sanyi," in ji Sada.

"Dama nan na nufa," in ji Bappa.

A nan majalisa ta zauna. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai a ga dattawan sun jero daga Barade, sun ratsa Kachalla Sembe zuwa gindin ɗorawa, su yini, su dawo da yamma. Duk wanda ya ce musu wurin ya yi nisa, sai Bappa ya ce masa ai nan ne majalisa.

Shi Elijah bai zauna ba ran nan. Ya koma gida a ƙafa, yana fatan tsohuwar ta gaji ta tafi. Ya tarar da ita a inuwar mangwaro, ita da Keziah suna ɓare gyaɗa suna dariya kamar uwa da 'ya. Da suka gan shi, dariyar ta tsaya.

"Baban Lois," in ji Keziah, tana kiransa da sunan 'yarsu, "zo ka gaida Mama. Mun gama shari'arka."

Ya durƙusa. Ya yi bayani tun daga farko, a hankali, har ya rubuta kalmar a ƙasa da tsinke. Inna Asiya ta saurara har ƙarshe.

"Na ji," in ji ta. "Ita waccan ta boko ba ruwana da ita, ku kuka san ta. Amma bakin da ya ɓata mini suna shi zai gyara. Jibi da sassafe ka zo wurin tanda. Duk wanda ya zo, ka gaya masa ban riƙe kowa ba. Kuma kai za ka juya masar, hannuna ya yi tsami wajen jifanku."

Ranar Litinin da sassafe Elijah yana tsugune a gaban tanda, da rigar makaranta da taye, hayaƙi na shiga idonsa. Labari ya zaga cewa malamin sakandare na toya masa, unguwa ta fito kallo. Wanda ya zo kallo kuma kunya ba ta barinsa ya tafi bai saya ba. Ɗalibansa suka tsaya a layi suna cewa, "Gud monin sa, mai zafi za a ba mu." Shi kuwa duk wanda ya miƙa wa sai ya ce, "Ba ta riƙe kowa ba." Rabin masar ta ƙone, rabi ba ta nuna ba, amma kafin rana ta ɗaga ƙullu ya kusa ƙarewa.

Can sai ga Binta matar Sada. Ta bar layi ta zagayo ta bayan Inna Asiya, ta duƙa kusa da kunnenta, sai dai muryarta ba ta iya raɗa ba.

"Inna, don Allah in akwai sauran waccan mai riƙewar, ki sammini. Mutumin nan yanzu yini yake a daji, ɗinkin mutane ya taru. So nake in ba shi ya ci a cikin shago."

Elijah ya ɗago kai zai yi magana. Inna Asiya ta harare shi, ta karɓi kwanon Binta ta fara zaɓo masu kyau.

"Tica, idonka kan tanda," in ji ta. "Waccan ta gefe tana ƙonewa."